Mai Gidan Mai a Ƙaramin Gari

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Katsina, ko ta Zariya zuwa Gusau, ko ta Wudil zuwa Azare, ya san ba ya wuce gari mai kasuwa bai ga gidan mai a bakin hanya ba. Akwai rumfa, da famfo biyu ko uku, da ɗan ofis, da mai faci a gefe. Mu kan tsaya mu sayi fetur na babur, ko na injin ban ruwa, ko na injin niƙa. Mu kan ga yara suna ƙirga kuɗi dami-dami, sai mu ce a zuci, lalle mai wurin nan ya huta.

To, yau za mu duba zaman wannan mutum, da aikinsa, da iyalinsa. Ba mai babban kamfani mu ke nufi ba, wanda ya ke da gidajen mai ɗari. Muna nufin mutumin gari, mai gidan mai ɗaya tak, wanda mu ke gaisawa da shi kullum. Za mu ga kuɗi da yawa suna ratsa hannunsa, amma kaɗan ne nasa. Za mu ga kuma abin da ke riƙe da shi abu uku ne: awo, da rubutu, da raba kuɗin ciniki da kuɗin gida.

Yadda sana'ar ta fara

A zamanin kakanninmu ba gidan mai. Jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911. Bayan haka motoci suka fara yawa kaɗan-kaɗan. Fetur da kananzir a cikin garwa a ke kawo su, kowace garwa galan 4, a jera biyu-biyu cikin akwatin katako, a sayar a kanti. In man ya ƙare, sai a wanke garwar a riƙa ɗiban ruwa da ita. 

Daga baya kamfanonin Turawa, irin su Shell da Mobil da Texaco, suka kafa famfo a manyan garuruwa. Famfon farko da hannu a ke buga shi. Cikin 1956 aka sami mai a Oloibiri, can kudu, aka fara kai shi ƙasashen waje cikin 1958. Aka buɗe matatar mai a Fatakwal cikin 1965, ta Wari cikin 1978, ta Kaduna cikin 1980. Wajen ƙarshen shekarun 1970 gwamnati ta buɗe wa 'yan ƙasa hanya su kafa gidajen mai na kansu, ba a ƙarƙashin kamfanin Turawa ba. Su ne a ke kira dillalai masu zaman kansu, ƙungiyarsu kuwa sunanta IPMAN. Mutumin da mu ke magana a kansa ɗaya ne daga cikinsu.

A da da galan a ke awo, yanzu da lita. Galan 1 ya yi lita 4 da rabi da ɗan ɗoriya.

Inda man ke fitowa

Mai gidan mai ba ya haƙo mai, ba ya tace shi. Saro shi ya ke yi, kamar yadda mai hatsi ke saro buhu ya auna da mudu. Wurin sari shi ne daffo. An gina daffo a Kano, da Gusau, da Jos, da Gombe, da Maiduguri, da waɗansu garuruwa, domin man ya biyo bututu ya zo kusa. Amma matatun gwamnati sun yi shekaru suna tsayawa, bututun kuma ya sha lalacewa. Sabo da haka tankoki su kan tafi har Ikko, watau Legas, ko Wari, ko Fatakwal, su ɗauko. Daga Legas zuwa Kano tafiyar kilomita wajen 1,000 ce. Cikin watan Satumba na 2024 matatar Ɗangote da ke Legas ta fara fitar da fetur, ta zama wata babbar hanyar sari.

Tanka ɗaya ta kan ɗauki lita 33,000, babba kuwa 45,000. A kan biya kuɗin man tun bai bar daffo ba. Daga ran da ya biya har ran da tanka ta iso, mai gidan mai ba ya barci sosai. Dukiyarsa duka tana bisa hanya, a hannun direba, cikin ramuka da gangara. In tanka ta faɗi, jarin ya tafi.

Aikin yini

Da asuba, kafin a sayar da ko lita ɗaya, akwai aiki biyu. Na fari, a buɗe bakin tankin da ke binne a ƙasa, a zura sandar awo. Sandar tana da lambobi a jikinta. Inda man ya jiƙa, nan za a karanta, a rubuta. A kan shafa wani magani a gindin sandar, wanda ke sāke launi in ya taɓa ruwa. Dalili kuwa, ruwa ya fi fetur nauyi, in ya shiga tanki sai ya kwanta a ƙasa. In ya taru, famfo ya zuƙo shi, ya shiga injin mutane, to, rigima ta zo.

Aiki na biyu, a karanta mita ta kowane famfo. Wannan mita ba ta komawa baya. Tana ƙirga kowace lita da ta fita tun ran da aka kafa famfon. A rubuta lambar safe. Da dare a rubuta lambar dare. In aka ɗebe ta safe daga ta dare, abin da ya saura shi ne man da aka sayar.

Ga misali. Da safe mita ta nuna 52,400. Da dare ta nuna 53,900. Watau an sayar da lita 1,500. In lita tana naira 920, yaron famfo zai kawo naira 1,380,000, ko kuɗi a hannu, ko rasit na waɗanda suka biya da kati. Sa'an nan a sāke zura sanda a tanki. Tilas man ya ragu da lita 1,500 ko kusa da haka. In mita, da sanda, da kuɗi suka yi daidai, mai gida ya tafi gida da kwanciyar rai. In suka saɓa, akwai dalili: ko tanki yana yoyo, ko famfo ya lalace, ko wani ya sa hannu.

Ku lura, mutumin da bai iya karanta lambobin nan da kansa ba, abin da akawu ya gaya masa shi zai ɗauka. In akawun mai amana ne, to. In ba haka ba, sai jarin ya riƙa zurarewa yana kallo, bai san ta ina ba.

Ran da tanka ta iso

Ran sauke mai, a kan tsai da ciniki. A bar tankar ta ɗan tsaya man ya natsu. Mai gida ya karɓi takardar kaya, ya duba lita nawa aka rubuta. Ya duba hatimin da aka ɗaure a bakin tankar, ko an taɓa shi. Ya hau ya auna kowane ɗaki na tankar, gama cikinta a rarrabe ya ke. A haɗa wata waya daga jikin tankar zuwa ƙasa, domin kada tartsatsi ya tashi. Sa'an nan a juye. A auna tankin ƙasa kafin juyewa da bayan juyewa.

Ko ba wanda ya ci amana, man ba ya cika cif. Fetur ya kan kumbura da zafi, ya tsuke da sanyi. In sanyi ya ƙaru da digiri 1, kowace lita 1,000 ta kan ragu da wajen lita 1. In an yi lodi da zafin rana, aka sauke cikin sanyin hunturu, bambancin ya kai digiri 10, tanka mai lita 33,000 za ta ragu da wajen lita 300. Wani kuma ya kan bi iska. Duk wannan daga aljihun mai gida ya ke fita.

Ina ribar ta ke?

Bari mu yi lissafi da misali, gama kuɗin mai yana hawa yana sauka. A ce ya sari lita a kan naira 900 har da kuɗin mota, yana sayarwa 920. Tanka mai lita 33,000 ta ci masa naira 29,700,000. In ya sayar da ita duka, abin da ya hau bisa uwar kuɗi naira 660,000 ne. In lita 300 ta ɓace a hanya, ya yi hasarar naira 276,000, saura 384,000. Daga ciki zai biya yaran famfo, da akawu, da maigadi. Zai sayi man janareto, gama famfo ba ya aiki sai da wuta. Zai biya lasisi, da haraji, da gyaran famfo, da ladan banki. Abin da ya rage bayan wannan shi ne nasa. A ƙaramin gari kuwa tanka ɗaya ta kan yi mako biyu ko uku ba ta ƙare ba.

Ashe damin kuɗin da mu ke gani ba nasa ba ne. Kuɗin tanka ta gaba ne. In ya taɓa su, ba zai iya saro cikakkiyar tanka ba.

Abin ya ƙara tsanani cikin 2023. Kafin ran 29 ga Mayu na wannan shekara gwamnati tana biyan tallafi, lita tana wajen naira 185 zuwa 195 a farashin hukuma. A ran nan Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafi ya ƙare. Cikin 'yan kwanaki lita ta haura naira 500 a garuruwan Arewa. Cikin Oktoba na 2024 ta wuce naira 1,000 a wurare da yawa. Tankar da a ke saye da wajen naira miliyan 6, sai ta koma fiye da miliyan 16, daga baya ta wuce miliyan 30. Masu saye kuma suka rage saye. Mai jari kaɗan sai ya haɗa kuɗi da 'yan'uwansa dillalai biyu ko uku, su raba tanka ɗaya. Waɗansu kuwa suka rufe. Shi ya sa mu ke ganin gidajen mai a bakin hanya ciyawa ta fito gindin famfo.

Shekarar ciniki

Cinikinsa yana bin shekarar manomi. Da kaka, motoci suna kwasar hatsi da gyaɗa da wake, mutane suna da kuɗi, ciniki ya buɗe. Da rani, masu noman fadama suna zuwa da jarka domin injin ban ruwa. Da damina, kuɗi sun tafi wajen taki da iri, hanyoyin ƙauye sun ɓaci, ciniki ya ja baya. Ran kasuwa ya fi sauran kwanaki shida. Ran jajibirin Salla kuwa ba ya zama, gama kowa yana kan hanyar gida. Mai hankali ya kan ajiye ribar kaka domin ta ɗauke shi cikin damina.

Shi da iyalinsa

A gida shi maigida ne kamar kowa. Akwai cefane kullum, da kuɗin makarantar yara, da magani, da ɗinkin Salla. Wataƙila tsohuwarsa tana nan, ƙannensa kuma suna ƙarƙashinsa. Da ya ke ana ganinsa da gidan mai, duk wata bukata ta dangi wurinsa ta kan nufa: biki, suna, asibiti, gyaran soro.

Taimakon dangi abu ne mai kyau, ba mai musu. Amma daga wane aljihu? Nan ne waɗansu su ke faɗuwa. Yau an ɗebi dubu hamsin a cikin cinikin yini an kai gidan biki. Gobe an ɗebi dubu ɗari. Ba wanda ya rubuta. Ran da za a biya tanka, kuɗi ba su cika ba.

Mai dabara ya kan yanka wa kansa albashi, kamar shi ma ma'aikaci ne. Kowane wata ya ɗauki abin da ya yanka, ya kai gida, su shirya da uwargida yadda zai kai su ƙarshen wata. In ta ce, "Maigida, shinkafa ta kusa ƙarewa," daga wannan kuɗi za a saya, ba daga akwatin ofis ba. Ya ware wani abu kuma domin dangi da maƙwabta. In shekara ta kewayo, littafin nan ne zai nuna masa iyakar dukiyar cinikinsa, ya fitar da zakka, ɗaya cikin arba'in, ba da ka ba.

Wani abin da iyali ke rasawa shi ne zamansa. Ya kan fita yara ba su tashi ba, ya komo sun yi barci. Matarsa kuma ta kan zauna da fargaba in dare ya yi, sabo da ɓarayi sun san inda kuɗi ke kwana. Biya da kati da waya ya rage wannan, gama kuɗi ba su taruwa a ofis kamar da. Duk da haka mai lura ba ya bari ciniki ya kwana a wurin.

Bashi

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. A ƙaramin gari kowa ɗan'uwa ne ko suruki ko abokin wasa. Ƙaninsa ya zo da mota ya ce, "Yaya, a zuba mini lita ashirin, in na dawo daga kasuwa zan kawo." Ɗan 'yarsa mai acaɓa ya ce, "Kawu, a taimaka da lita uku zuwa yamma." Hana su da wuya. Amma mu tuna da lissafinmu: in ribar lita naira 20 ce, wanda ya sha lita 20 bai biya ba ya tafi da naira 18,400, watau ya cinye ribar lita 920.

Sabo da haka mai gidan mai ya kan ajiye littafin bashi. Suna, da rana, da lita, da kuɗi, mai karɓa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Ya hana yaran famfo ba da bashi sai da izininsa. In ƙanin ya ɓata rai, ya ce masa, "Haba ƙanena, ba don ban yarda da kai ba. Mutuwa a ke tsoro, da mantuwa." Wanda ya ga dama ya ba kyauta, ya ba shi daga albashinsa, ya biya kuɗin a akwati kamar kowa. Ta haka zumunci ya tsira, jari ma ya tsira.

Wannan littafi yana da wani amfani. Mun sha ganin mai sana'a ya rasu, ba wanda ya san wa ya ke bi, wa ke binsa, ina takardar fili, ina lasisi. Magada su shiga jayayya, wurin ya mutu tare da mai shi. Uban da ya zaunar da 'ya'yansa, maza da mata, ya nuna musu yadda a ke karanta sanda da mita, ya gaya wa matarsa inda takardu su ke, ya bar musu abin da ya fi ginin.

Mudu na gaskiya

Famfo mudu ne, ana kuwa iya tauye shi. In aka juya shi ya riƙa rage rabin lita cikin kowace lita 10, a tanka ɗaya an cuci mutane lita 1,650. Hukuma tana da ma'aikatan awo, su kan zo da gwangwani na musamman su gwada famfo. Hukumar da ke ba da lasisi, NMDPRA, wadda aka kafa bisa dokar man fetur ta 2021, tana da ikon rufe gidan man da ya tauye awo ko ya ɓoye mai.

Amma a ƙaramin gari akwai alƙali wanda ya fi su kusa. 'Yan acaɓa sun san iyakar inda lita ɗaya ke kai su. In suka gane, kafin la'asar labari ya gama tasha. Haka kuma lokacin wahalar mai: wanda ya rufe ƙofa da rana ya ce babu, da dare ya sayar wa 'yan bumburutu da tsada, ya ci ribar mako guda, amma mutane ba su mantawa. A birni mai saye baƙo ne, ya wuce ba ya komowa. A ƙauye mutum ɗaya ne zai zo yau, ya zo gobe, har shekara ashirin.

Mu ma muna da namu. Kafin a fara zuba mana, mu duba lambobin famfo sun koma sifiri. Mu karanta kuɗin lita, mu yi lissafi da kanmu.

Wuta

Babban abin tsoronsa wuta. Ba ruwan fetur kaɗai ke kamawa ba, tururinsa ne ya fi haɗari. Ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa ba a ganinsa, har ya kai inda wani ya ƙyasta ashana. Don haka a ke cewa a kashe inji, kada a sha taba, kada mai shayi ko mai tsire ya hura wuta kusa. Ba a kashe wutar fetur da ruwa, gama man ya kan hau bisa ruwan ya bazu. Yashi a ke zubawa, ko a fesa tukunyar kashe gobara. Kada kuma a zuba kananzir a jarkar da aka sa fetur. Kananzir da ya gauraya da fetur ya kan fasa fitila da risho.

Ran 15 ga Oktoba na 2024 wata tanka ta faɗi a Majiya, cikin Jihar Jigawa. Mutane suka taru suna kwasar mai, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasu. Cikin Janairu na 2025 aka sāke yin irin wannan a mararrabar Dikko, cikin Jihar Neja, fiye da mutum 80 suka rasu. Allah ya ji ƙansu. In tanka ta faɗi, mu yi nesa, mu kori yara, mu aika a gaya wa hukuma. Ba jarkar man da ta kai ran mutum.

Abin da za mu ɗauka

Mai gidan mai maƙwabcinmu ne, yana neman abincin iyalinsa da riba ƙanƙanuwa bisa jari mai nauyi. In ya auna, ya rubuta, ya raba kuɗin ciniki da na gida, wurin zai daɗe, garin kuma ya huta da tafiya mai nisa neman mai. In muna da bashinsa, mu biya. Dabarar nan tasa kuwa ba ta mai kaɗai ba ce. Mai shago, da mai injin niƙa, da mai ƙosai, kowa yana da uwar kuɗi da riba, kowa kuma yana iya cinye uwar yana tsammani riba ce.

Tambayoyi

1. In man da ke cikin garwa ya ƙare, me a ke yi da garwar?
2. Mita ta nuna 18,250 da safe, 19,050 da dare. Lita nawa aka sayar?
3. In ribar lita naira 20 ce, lita nawa za a sayar kafin a sami naira 10,000?
4. Don me ba a kashe wutar fetur da ruwa?
5. A sana'arka, nawa ne uwar kuɗi, nawa ne riba? Rubuta su dabam-dabam.